Rihewar Babanmu

A ƙauyenmu, can gefen Bangi, maganar babana kuɗi ce. Ba yabon uba nake ba, abin da na tashi na tarar ke nan. In maƙeri ya ƙera masa sungumi ko ya gyara masa hauya, Baba ba ya laluben aljihu. Sai ya ce, "Kana da dami guda wurina." Shi ke nan, an biya. Maƙerin kuma in ya je wurin mahauci yana son nama, sai ya ce masa, "Damin nan nawa da ke wurin Maigida, ya zama naka." Mahauci ya yanka ya ba shi. Dami guda na hatsi yakan zagaya gida huɗu ko biyar a baki kawai, daga maƙeri zuwa mahauci, zuwa mai yasar rijiya, zuwa wanzami, kafin wani ya zo da jaki ya ce a ba shi abinsa. Wani ma ba ya zuwa sai shekara ta juyo. Ba a rubuta komai, Baba yana riƙe da su duka a ka.

Abin da ya tsaya wa maganar tasa kuwa, kowa yana ganinsa da idonsa. Bayan gidanmu akwai rihewa, babban rumbun ƙasa mai ƙaton ciki, zaune bisa duwatsu da hular ciyawa a kai. Daga bakin rijiya ana hango ta. Muna da ƙananan rumbuna biyu na kara, su ne na ci, daga cikinsu ake ɗibar na tuwo da fura, daga cikinsu kuma ake sallamar mai zuwa da jaki. Rihewa ba a taɓa ta. In an cika ta da zangarniyar hatsi sai a liƙe bakin da laka, ba za a fasa ba sai shekarar da ruwa ya yi gardama, ko in ta kai shekara uku a sauya tsohon hatsi da sabo. Kakanmu da ya gina ta bai fara salla ba sai da ya tsufa, kuma an ce akwai abubuwan da yakan yi kafin ya fasa bakinta, waɗanda Baba ya bari. Shi bisimilla kawai yake yi. Amma doka biyu ya riƙe daga ubansa bai saki ba: ba mai fasa rihewa sai maigida, kuma hatsin cikinta ba a sayar da shi. Ana ba wanda yunwa ta kama, ana ba wanda ya cinye irinsa har ranar shuka ta zo ba shi da abin zubawa a rami.

Ni ne ɗan da aka kai lakwal, wato makarantar boko. Na zama mushe, yadda muke kiran malamin makaranta, ina koyarwa a Madawa, ina da albashi da babur da bakin da ba ya gajiya. Ƙanena, autanmu, shi ya zauna gida yana noma tare da Baba bayan rasuwar innarmu. Duk hutun da na zo, in na dubi rihewar nan sai raina ya ɓaci. A ganina dukiya ce aka zaunar tana jiran ɓera da gara. Wata rana muna zaune a zaure, da maƙerin garinmu wanda shi ne babban abokin Baba, na kasa riƙe bakina.

"Baba, duniya fa ta wuce nan. Yanzu kuɗi ake ajiyewa."

"Waɗanne kuɗɗi, Mushe?" Haka yake kirana in zai yi mini ba'a.

Na zaro takardar sefa, kuɗin ƙasarmu, ta jikka biyar sabuwa fil na miƙa masa. Ya juya ta gaba da baya, ya shinshina.

"Wagga takarda, mi ke tsaye bayanta?"

Na gyara zama na zuba masa karatu kamar ina gaban allo. Na ce gwamnati ce, da banki, da zinariyar da aka ajiye can ƙasar Turawa.

"Kai ka taɓa ganin zinariyar?"

Na ce a'a.

"Ka san wanda yag gani?"

Na girgiza kai.

"To ranar da yunwa ta zo, ƙohwar wa za ni tahi da takardag ga in ce a ba ni zinariyata? In sun ba ni ma, dakawa za a yi ko dahwawa?"

Maƙeri ya yi dariya har da tari. Na karɓe takardata na fita ina huci, ina cewa a raina tsofaffin nan ba za su taɓa wayewa ba.

Sai yanar ido ta kama Baba. A hankali ta zo, cikin shekara biyu ya koma ba ya bambanta komai sai haske da duhu. Mutumin da yakan gane jakin kowa daga nesa, ya zama sai an ce masa ga butar alwala nan. Na kai shi likita a Madawa, aka ce ana iya cirewa, amma irin tasa sai babban asibiti a tsallaken iyaka, kuma kuɗin sun fi ƙarfin albashina nesa ba kusa ba. Na ce masa a sayar da abin da ke cikin rihewa. Ya ce, "Ba nawa na ni kaɗai ba. Mutane da shi suka kwana da hankali kwance." Na roƙa, na yi fushi, na sa maƙeri ya yi masa magana. Ko gezau.

A bazarar shekarar nan hatsi ya yi tsada ƙwarai. Wani ɗan kasuwa daga tsallake yana yawo ƙauyuka da babbar mota yana saye, yana biya nan take da naira. A wajenmu naira ba baƙuwa ba ce, a kasuwar Bangi ta fi sefa tafiya, mai ƙosai ma da ita take ba da canji. Na zauna na buga lissafina: a sayar yanzu da tsada, in kaka ta yi hatsi ya faɗi a sayo a mayar, abin da ya yi saura a kai Baba a buɗe masa ido. Asibitin ma naira yake karɓa, ka ga ko wahalar canji babu. A takarda lissafin nan ba shi da aibi ko ɗaya.

Auta ne ya tsorata. "Yaya, in Baba ya ji hwa?"

"Wa zai gaya masa? Wata huɗu ne kawai."

"Ba mai hwasa ta sai shi."

"To bar shi ya mutu cikin duhu, tunda haka kake so."

Wannan maganar ce ta karya shi, kuma na san za ta karya shi, shi ya sa na faɗe ta. Har yau in na tuna fuskarsa a ranar, kunya takan rufe ni.

Na ɗauki Baba a babur na kai shi gidana a Madawa, na ce likita yana son ya riƙa ɗiga masa magani har mako guda. Yana can yana wasa da jikokinsa, Auta ya hau tsani ya fasa bakin rihewa. Hatsi kuwa ba ya fita a ɓoye. Sai da aka ɗauki mata suka yi kwana uku suna sussuka, ƙarar taɓare har bakin rijiya, garin duka ya fito yana kallo. Auta ya ce maƙeri ya zo ya tsaya, ya daɗe yana duban buhunan da ake lodawa, ya ce "Allah shi kyauta," ya juya. Bayan motar ta tafi, Auta ya bi gida-gida yana roƙon arziki, kada kowa ya gaya wa tsoho, da kaka za a mayar. Mutane suka ce to, don kowa yana son Baba ya sake gani. Ya kwaɓa laka ya liƙe bakin rihewa, ya mayar mata da hularta. Ni kuma na zuba nairori cikin akwatin ƙarfe na tura ƙarƙashin gado.

Damina ta fara da kyau, sai ruwa ya ɗauke hatsi yana fitar da kai. Da kaka ta zo, farashi ya sauka kaɗan, bai kai inda na sa a lissafina ba. In na saya a lokacin, rihewa za ta cika, amma ba abin da zai rage na asibiti. Auta ya ce mu saya kawai mu huta. Na ce a'a, a ƙara wata guda, sai ya ƙara faɗuwa. Ni fa mai ilimi!

Cikin watan nan ne muka ji a rediyo cewa za a sauya takardun naira, tsofaffin za su daina aiki. Na ruga kasuwa da akwati, masu hatsi suka ce ko dai sefa, ko sabuwar naira, ko kuma in biya kusan ninki. Aka ce mai tsohuwar takarda ya kai banki a tsallake, mu kuwa ba mu da ajiya a kowane banki can. Na koma wurin 'yan canji su sauya mini da sabuwar naira, suka yanki rabonsu son ransu, ina tsaye ba yadda zan yi. Abin da ya rage kuma ya shiga zubewa. Kowane mako in na je kasuwa, tiyar da zai saya ta ragu, alhali ba wanda ya buɗe akwatin nan sai ni. Takardun suna nan yadda na jera su, ko ɗaya ba ta ɓata ba. Kafin sanyi ya wuce, kuɗin rihewa guda ba su iya sayen kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya fita daga cikinta.

Baba bai san komai ba. Shekarar ta yi wa mutane tsanani, don haka ya ƙara sakin hannu. Yana zaune a zaure, duk wanda ya yi masa aiki ko ya zo gaisuwa ya ji muryarsa ba daidai ba, sai ya ce, "Kana da dami biyu wurina. Ka yi haƙuri ruwa shi sauka, in nih hwasa rihewa ka zo." Mutum ya ce, "An gode, Maigida, Allah shi ƙara arziki," ya tashi ya tafi. Maƙeri ya ci gaba da yi masa aiki yana karɓar maganar kamar da. Amma maganar ta daina tafiya. Da kunnena na ji ranar kasuwa, wanzami yana ce wa mahauci ya ba shi nama a kan damin da yake da shi wurin Maigida. Mahauci ya ce, "Kawo kuɗɗi, ko ka kawo hatsin in gani." Da ya ɗaga kai ya gan ni sai ya shiga wasa wuƙarsa. Na wuce kamar ban ji ba.

Sau nawa na zo daga Madawa da niyyar in faɗa masa! In na durƙusa na gaishe shi, ya lalubo kaina ya ce, "Mushe, ka rame, ɗiyan mutane na wahal da kai," sai in koma ban faɗa ba.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, Auta ya kira ni a salula ya ce in zo, Baba ya ce gobe zai fasa. Na iso da sassafe, ƙasa tana ƙamshi. A al'ada, washegarin ruwan farko waɗanda ba su da iri sukan taru ƙofar gidanmu da ƙorai tun rana ba ta ɗaga ba. Baba ya yi wanka ya sa farar rigarsa, ya ce a jingina tsani, ya zauna a zaure yana jiran su taru. Muna zaune gefensa ni da Auta, ba mai iya duban wani. Mutane suna wucewa gona da sungumi a kafaɗa, suna gaisuwa daga nesa suna ƙara sauri. Har hantsi ya yi ba wanda ya tsaya.

"Ina mutane?"

Auta ya ce, "Wataƙila bana kowa ya aje irinshi, Baba."

"A shekara irin wagga?" Ya murza sandarsa. "Kira min maƙeri."

Maƙeri ya zo ya zauna bakin ƙofa, bai shigo ciki yadda ya saba ba.

"Abokina, dami nawa gare ka wurina?"

"Bakwai."

"Gidanka sau nawa aka aza tukunya yanzu?"

Baba bai jira ba, ya ci gaba.

"Na ji an ce ɗanka ya tahi neman iri har Buza. Kana da dami bakwai wurina, ɗanka na yawon neman iri. Mi nai maka?"

Maƙeri ya sunkuyar da kai, hawaye suna bin gemunsa. Ya ce, "Ba ka yi min komi ba. Amma ba bakina za ka ji ta ba."

Baba ya dafa bango ya miƙe. Na kai hannu in riƙe shi, ya ture. Ya bi katanga da hannu ɗaya, sanda a ɗayan, ya zagaya bayan gida, muna biye da shi. Da ya isa rihewa bai nemi tsani ba. Ya shafa cikinta, ya ɗaga sanda ya buga. Ta amsa kamar an bugi tulun da ba ruwa. Ya matsa gefe ya sake bugawa, ya kara kunnensa, ya sake bugawa ƙasa-ƙasa kusa da duwatsu. Ko'ina amsar ɗaya ce.

"Tun yaushe?"

Na ce, "Tun bazarar bara. Ni ne, Baba, ni na sa Auta. Don idonka na yi."

"Wa da wa sunka sani?"

"Kowa."

Ya daɗe tsaye, tafin hannunsa a jikin rihewar. Wallahi na so ya ɗaga sandar nan ya rafka mini, na so ya tsine mini ma in san an yi an gama. Bai yi ba. A hankali ya ce, "Shekara guda ina ba mutane iska, suna ce min an gode." Na fara zuba bayani, da naira, da 'yan canji, da asibiti. Ya ɗaga hannu. "Idon da kaka so ka saya min, huskar wa za ni duba da shi?"

Washegari ya sa maƙeri ya riƙe masa sanda, suka bi gari gida-gida. Duk wanda ya taɓa ba magana yana cikin kansa, bai manta ko ɗaya ba. A kowace ƙofa ya yi sallama ya ce, "Rihewata babu komi ciki, ban sani ba. Ku gahwarta min." Bai ambaci sunana ba, bai ambaci na Auta ba, ko da yake babu wanda bai sani ba. Ya sa aka sayar da awakinsa da jakinsa da babbar rigarsa ta salla, aka auno hatsi tiya-tiya aka rarraba, bai kai ko rabi ba. Wasu suka ce sun yafe, ya ce yafewarsu ba ta cika tukunya. Na kawo masa abin da ya rage a akwati, ya ce in mayar inda na ɗauko. Bayan 'yan watanni aka rufe iyaka, maganar asibiti ta mutu, shi kuma bai sake yarda an tayar da ita ba.

A lakwal ɗinmu, in an tashi shan iska, abokan aikina sukan yi gardama a ƙarƙashin itacen bedi kan irin kuɗin da ya kamata ƙasa ta yi, da abin da zai tsaya musu. Wannan ya ce zinariya, wancan ya ce man fetur, wani ya ce abin da ake haƙowa a arewa, wani ya ce shanu ma sun isa. Da can ni ne mai babbar murya a wurin. Yanzu in sun matsa mini, nakan ce ko mene ne, ya zama abin da talaka zai iya zuwa ya gani, ya kuma karɓa in ya nema. Wata rana na ƙara da cewa a sa ido kan 'ya'yan mai tsaron abin. Suka yi dariya, sun ɗauka wasa nake.

Na sayar da babur. Na riƙa yanka albashina biyu, rabi na gida rabi na hatsi. Allah ya ba Auta damina mai kyau, ya yi noma kamar zai kashe kansa. Muka fara da biyan mutanen da Baba bai gama sallama ba, sannan muka juya kan rihewa. A kaka ta biyu ta cika har baki. Na ɗauko zangarniya guda mai nauyi, na durƙusa na sa masa a hannu, na ce, "Baba, ta cika. A kawo laka ka sa hannu a liƙe?" Ya murza ƙwayar da yatsa, ya kai hanci. Ya ce, "Hatsi mai kyau. Allah shi sa albarka. Ku liƙe." Muka liƙe mu biyu.

Na sa rai in ruwa ya sauka komai zai koma yadda yake. Da ruwan shukar bana ya zo, na kwana a ƙauye. Da safe wata maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu ya bar mata yara ta zo da ƙwarya. Ta durƙusa bakin zaure ta gaishe da Baba, ta ce, "Maigida, iri nika nema." Cike da murna na tashi zan ɗauko tsani.

Baba ya juya fuskarsa wajen da muryarta take. Ya ce, "Ɗiyata, ni ba ni da hatsi. Ga Mushe nan, tambaye shi. Nashi na."

Na ce, "Haba Baba, taka ce fa."

Ya ci gaba da jan carbinsa. Matar ta dube shi, ta dube ni, sannan ta ja gwiwa ta juyo da ƙwaryarta wajena. Na fasa rihewa da kaina, na auna mata tiya uku. Ta yi mini irin godiyar da ake yi masa, yana zaune yana ji.